Farin Zanen Baba Nomau

"Ja shi gaba kaɗan, inuwar mangwaro ta taɓa shi," in ji Baba Nomau daga ƙofar ɗakinsa.

Zalihatu ta ja farin zanen a kan igiya, kafaɗarta na ciwo. Tun safe take kasuwar Gouro tana fama da masu sayen albasa. Ga shi ta dawo gidan hayarsu na unguwar Adjamé, ko ruwa ba ta sha ba, maƙwabcin nata ya tsare ta da aikinsa na kullum.

Tsohon ya ƙarar da ƙuruciyarsa a wani ofishin taswira, yana gyaran hotunan da tsofaffin taurarin ɗan'adam ke ɗaukowa daga sama. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, har Zalihatu ta haddace bayanin. Kyamarar tauraro tsufa take yi, idonta ya dusashe, sai ta nuna daji ya canza alhali lafiyarsa lau. Abin awon shi ne wani filin rairayi a hamadar Nijar, ƙasar kakanninsa da bai taɓa takawa ba. Rairayin nan ba ya canzawa. In ya fito da duhu a hoto, to laifin ido ne, sai a gyara lissafi.

Da ciwon suga ya fara cin idonsa, sai ya mai da zanen marigayiya matarsa rairayinsa. Ya yi wa 'yarsa Rahama alkawari, ran da ya kasa ganin zanen daga ƙofa zai koma wurinta a unguwar Treichville, can saman bene inda babu mai gaishe shi sai fanka. Ba ya so. Zalihatu ma, duk mitar da take yi, ba ta so, don in ya tafi wa zai tsokane ta? Shi ya sa ta riƙa jiƙa zanen a ruwan jabel mai sa kaya fari. Da ya ƙi ƙara fari, ta sayo sabon yadi mai ɗaukar ido, ta ɓoye tsohon zanen a ƙarƙashin gado.

"Kana gani, Baba?"

"Ina gani." Ya mai da numfashi, ƙafafunsa a kumbure. "Zalihatu, da a biro ne, ofishinmu, da an kore ki."

"Ni kuma? Me na yi?"

"Kin taɓa ma'auni. Ido ne ya mutu, hanci na nan. Jabel dai ya fi tafarnuwa tonon asiri. Wannan kuma ko warin tuwo bai taɓa ji ba."

Kunya ta kama ta, haushi ya biyo baya. "To da ka sani, me ya sa kake wahalar da ni kullum?"

"Daɗin ƙaryar nake ji. Amma na gaji, 'yar nan. Ɗauko mini na gaskiya."

Ta so ta ƙi, sai ta fasa. Ta shiga ta zaro tsohon zanen, ya yi ruwan ƙasa, gefensa ya zare. Ta sauke sabon, ta shanya shi daidai wurin, rana tsaka. A waje yaran motocin haya na gbaka na kiran fasinja. Tsohon ya miƙe wuya, ya daɗe yana duban tsakar gida.

"Kin shanya?"

"Na shanya, Baba."

"To." Ya jingina da bango. "Kira mini Rahama."

Rahama ta iso bayan azahar, ta haɗa kayansa cikin jaka biyu tana faɗa rabi Hausa rabi Faransanci. "Papa, tun yaushe nake faɗa maka? Bon, bari in samo taksi."

Kafin ta ratso cunkoson bakin tasha ta dawo, Baba Nomau ya cika a kan tabarmarsa, a ƙofar ɗakinsa, Zalihatu na riƙe da kofin ruwan da ya nema.

Da masu wanka suka tambayi likkafani, Zalihatu ta miƙa musu sabon yadin. Aka kai Baba Nomau makwancinsa kafin magariba, mata suka watse, aka naɗe tabarmi. Zalihatu ta fito za ta kwashe shanya, inuwar mangwaro ta riga ta rufe tsohon zanen. Ta ja shi gaba kaɗan, inda rana ta rage.