Ranar da Na Sake Zagin Yazidu

Ni Uwale, kowa a kasuwar Dakoro ya san bakina ba ya hutu. Cuku nake saidawa, amma rabin zamana tsiya ce. Wanda ya fi shan ta kuwa jikana Yazidu, ɗan shekara goma sha shida. Wasan kaka da jika dai: in ce masa "angona mai kunnen jaki", ya ce mini, "Tsohuwa, yau sai na sake ki."

Bara ciwo ya kama shi, ba na jiki ba. Ya daina barci, ya daina zuwa lakwal, wato makaranta, ya ce yana jin ana kiran sunansa alhali babu kowa. Ubansa ya kai shi Maradi, lokotoro ya ɗora shi bisa magani, ya ce a riƙa komawa kowane wata. Alhamdu lillahi, yaro ya samu sauƙi.

Mu ne fa ba mu samu ba. Gida duka ya koma lallaɓa. "Sannu, Yazidu." "Kada wanda ya aike shi." Ya zubar da hura, a ce ba komai. Ni kaina, Allah ya yafe mini, wata bakwai na kulle bakina. "Ɗan nan" nake ce masa, kamar baƙo.

Wata ranar kasuwa ya zo ya zauna gefen faifaina. Ya ɗauki cuku ya cinye. Na kau da kai. Ya ƙara na biyu, yana kallona. Na uku kuwa, wallahi, akuyar mutane ya miƙa wa!

Na haɗiye na ce, "Ba komai, ɗan nan."

Sai na ga idonsa ya cika.

"Kaka, kowa ya dube ni ciwon yake gani," ya ce. "Ni kaina ban san ko da sauran Yazidu ba. Na ce bari in zo wurinki in gwada. In ke ma ba ki zage ni ba, to babu shi."

Kunya ta kama ni, tausayi ya kama ni. Ashe duk lallaɓar nan korar yaron muke yi daga cikin gida.

Na gyara ɗaurin zanena, na miƙe.

"Kai, ɗan banza mai kunnen jaki! Cukuna ka ba akuya? Ita ce sabuwar amaryar taka? To, kun dace, haƙoranku ma iri ɗaya!"

Kimba mai tsire ya saki wuƙa yana dariya. Yazidu kuwa har da faɗuwa ƙasa, hawaye na zuba, dariya na cin shi.

"Tsohuwa," ya ce, "yau kam na sake ki!"

"Ka sha maganinka na safe?"

"Na sha."

"To, ɗauki tulu ka ɗebo mini ruwa, malalaci."

Wata bakwai ba wanda ya aike shi. Da gudu ya tafi, har ya bar takalmi ɗaya.