Biddy Ba Ta Waiwayo Ba

Hedley Treloar bai taɓa ɗaura wa kare igiya ba tun da ya yi wayo. Kiwon tumaki ya gada, kuma duk karen da ya zauna a hannunsa da fito yake juya shi: fito dogo, kare ya zagaye garke ta dama, gajeru biyu, ya bi ta hagu, guda mai kaifi, ya kwanta nan take kamar an dasa shi. Da matarsa ta rasu, gwiwoyinsa kuma suka fara yi masa gardama, sai ya sayar da gona da tumaki, ya sayi ɗan gida a gari kusa da bakin teku. Abu ɗaya ya ƙi rabuwa da shi, wato Biddy, karyarsa ta ƙarshe, ja mai tsayayyun kunnuwa, wadda furfura ta soma tsiro mata a baki.

Duk Asabar da safe sukan bi ta filin ƙwallo, inda Glenda ke koya wa mutanen gari yadda za su bi da karnukansu. Tare suka yi firamare, shi da Glenda, kuma tun daga lokacin ba su daina tsokanar juna ba. Hedley ya jingina da shinge, Biddy na zaune gefen ƙafarsa ba igiya ba komai, ya ɗaga murya.

"Glenda, yau ma cin hanci ake rabawa? Karen da sai an ba shi hanta zai zauna, ai wannan kansila ne, ba kare ba."

"Wuce ka ba mutane wuri, tsohon banza," in ji Glenda. "Karyarka ce mai hankalin gidanku, kowa ya sani. Kai rakiya kawai kake yi mata."

A ƙarshen bazara muryarsa ta dishe. Ya ce mura ce, ya yi ta shan shayi da zuma. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, 'yarsa Tamsin ta zo daga birnin Adelaide ta sa shi a mota, yana gunaguni har bakin asibiti. Likita bai ɓoye masa komai ba. Ciwon daji ne a maƙogwaro, kuma ya yi nisa. Za a cire wurin gaba ɗaya, a huda masa ƙofa a gindin wuya wadda zai riƙa numfashi da ita. Da rai, in an yi sa'a, amma murya ta tafi ke nan.

Tamsin ta kama hannunsa tana hawaye. Shi kuwa sai ya ce, "Likita, fito fa?"

Likitan bai gane ba, sai da Tamsin ta yi masa bayani. Likitan ya girgiza kai. Iska ba za ta ƙara bi ta baki ba, ko usur aka ba shi ba zai iya busawa ba.

Washegarin dawowarsu Hedley ya je gidan Glenda, ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa a hannu. Ta buɗe baki za ta fara tsiya, ta dubi fuskarsa, ta fasa. Ta dafa shayi, ya faɗa mata abin da ake ciki da ɗan ragowar muryarsa.

"Yaushe ne aikin?"

"Ƙarshen wata."

"To ka zo da wuri, da sauran lokaci. Tun kana da muryar za mu juye wa Biddy komai a hannu. Ka ɗaga hannu tukuna, sannan ka yi fiton da ta sani, in ta yi ka ba ta hanta. A hankali za ta gane hannun shi ne maganar."

"Hanta kuma?"

"E, cin hanci. Yau dai ka shiga kansiloli."

Ta nuna masa yadda take yi: a yanka hantar rago siri-siri, a busar a tanda da wuta kaɗan, ba gishiri, ba albasa, don albasa guba ce ga kare. Ta kai shi shago ta zaɓar wa Biddy ɗamara irin mai kama ƙirji, ta ture masu shaƙe wuya gefe. "Wuyan ɗayanku ma ya ishe mu," ta ce, shi ma sai da ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Daga nan ta tsaya gaban kayan wasan karnuka tana matsa su ɗaya bayan ɗaya. Mai idanun da za a iya ɓantarewa ta ajiye, ƙaramin da zai wuce maƙoshi ta ajiye, har ta tsaya a kan wata kazar roba mai kauri, rawaya, wadda in an matsa take ƙara kamar an taka wa jariri ƙafa.

"Wannan ba nata ba ne, naka ne. A aljihunka za ta zauna, kada ka bar ta ta tauna. Hannu sai mai kallonka. In ta juya maka baya, wannan ce kiranka."

Hedley ya riƙe kazar da yatsu biyu kamar wanda aka miƙa wa mushe. "Shekara saba'in da ɗoriya, in ƙare da wannan."

"Ka ƙare da rai dai. Biya mu tafi."

Biddy ba ta ba su wahala ba. Da farko takan dubi hantar, ta dubi Hedley, kamar tana tambayar laifin me ta yi aka fara biyan ta. Amma kafin mako biyu, tafin hannu a buɗe ya zama "kwanta", bugun cinya ya zama "zo", ƙarar kaza kuwa ko tana bayan gida sai ga ta a guje. Ɗamarar ce kawai ba ta so. Da ya ɗauko ta sai ta kwantar da kunnuwa, ta tsaya cik, ta bari a sa mata don dai shi ne.

Ranar jajibirin tafiya asibiti, da la'asar, ya kai ta bakin teku inda ba kowa. Ya cire mata ɗamara, ya yi fito dogo. Ta fita kamar kibiya, ta yi da'ira mai faɗi a kan yashi tana zagaye tumakin da babu su. Ya yi gajeru biyu, ta juya. Ya kwantar da ita, ya tashe ta, ya sake tura ta, har leɓɓansa suka gaji, har ita ma ta dawo tana haki da harshe a waje. Suka zauna a kan yashi. Ya yi ta yi mata magana a hankali, maganganun da ba wanda ya ji sai ita.

Aikin ya yi kyau, haka likitoci suka ce. Glenda ce ta riƙe Biddy har aka sallame shi. Ranar da ya dawo, ya rame, da ɗan ƙyalle a gindin wuya, Biddy ta yi kansa tana kuka tana zagaye ƙafafunsa. Ya durƙusa. Ta shinshina ƙyallen, ta ji iska na fita ta inda ba ta saba ba, ta ja da baya, ta zuba wa bakinsa ido tana jira. Ya bugi cinyarsa. Ta zo, amma idonta na kan bakin.

Tamsin ta zauna da shi na ɗan lokaci. Wata rana bayan cin abincin rana tana duba wayarta ta ci karo da wani tsohon bidiyo na ranar askin tumaki, mahaifiyarta na ciki tana raba shayi. "Baba, zo ka ga Mama," ta ce, ta kunna. Can cikin hayaniya sai muryar Hedley ta fito, garau, tana cewa, "Biddy, zo nan, 'yar nema!"

Karyar na barci ƙarƙashin tebur. Ta zabura har ta bugi kujera. Ta wuce Hedley da ke zaune a gabanta, ta shiga ɗakin kwana, ta fito, ta leƙa bayan ƙofa, ta fita tsakar gida ta zagaye mota, ta dawo tana kuka ƙasa-ƙasa, ta sake shiga ɗakin. Hedley ya jawo ɗan allon da yake rubutu a kai, ya rubuta kalma ɗaya: Kashe. Tamsin ta kashe, ta shiga bayi ta rufe ƙofa, ya ji tana sakin famfo don kada ya ji kukanta.

Bayan ta koma Adelaide, rayuwa ta ɗan daidaita. Safe da yamma yana fita da Biddy a ɗaure, hanta a aljihu ɗaya, kaza a ɗaya. Ran Asabar ya jingina da shingen filin ƙwallo, Glenda ta yi masa tsiya, ya rama da allo. Sai dai kafin ya gama rubutu ta riga ta juya wurin wani kare, amsar ta huce a hannunsa.

Da sanyi ya shigo, lokacin haihuwar tumaki, wata safiya ƙafa ta ja shi hanyar ƙasa da ta fita bayan gari. Iska na kaɗowa da ƙarfi daga gonaki zuwa teku. Biddy ta ɗaga hanci, jikinta ya ɗauki rawa, tana tafe tana jan igiya tana waiwayensa. Ya dube ta cikin ɗamara mai launin shuɗi, karyar da ta taɓa juya garken da ido ba ya ganin ƙarshensa, sai ya ji kunya ta kama shi a madadinta. Hanya ba mota, ba mutum. Watanni ke nan ba ta taɓa saɓa wa hannunsa ba. Ya sunkuya ya ɓalle igiyar.

Ta yi tafiya kusa da shi na ɗan lokaci. Suna hawa wani tudu sai ga tumaki a gangare bayan shingen waya, iyaye da jarirai, wasu ma ba su bushe ba. Kafin ya miƙa hannu ta shige ta ƙarƙashin waya.

Ya buɗe baki. Leɓɓansa suka tattaru da kansu, ba abin da ya fito sai hucin iska a gindin wuya. Ya zaro kazar ya matsa, ya sake matsawa da hannu biyu, iska ta kwashe ƙarar ta yi bayansa da ita. Ya yi tafi, ya bugi waya da sanda, ya ɗaga hannu sama. Biddy ba ta waiwayo ba. Ta yi da'irarta mai faɗi, ƙasa-ƙasa, yadda ya koya mata tun tana kwikwiya, ta tattaro garken tana koro masa shi. Fito guda mai kaifi take jira ta kwanta. Da bai zo ba, sai ta ci gaba da aikinta. Iyayen suka firgice, suka tattake 'ya'ya, suka dunƙule a kusurwar waya suna hawa kan juna.

Bai ga motar da ta tsaya a kan tudun can ba. Ƙarar bindiga kawai ya ji, sau ɗaya.

Ya kutsa ta cikin waya, ta yage masa riga, ya yi ta tuntuɓe har ya isa. Biddy ta riga ta cika. Ya zauna a ƙasa mai laima ya ɗora kanta a cinyarsa.

Mai gonar ya iso da bindiga a hannu, matashi ne mai suna Angus, fuskarsa ta yi ja don fushi. "Na ga ka tsaye kana kallo! Makon nan kaɗai karnukan gari sun kashe mini 'yan tumaki ba adadi. Kana ganin tana cikinsu, me ya hana ka kira ta? Ka kira ta mana, malam!"

Hedley ya ɗago kai. Iska ta ɗage ƙyallen wuyansa. Angus ya ga ƙofar da aka huda masa, ya ga kazar roba a hannun tsohon, sannan ya gane fuskar, don yana yaro ya sha ganin sa a kasuwar tumaki tare da mahaifinsa.

"Baba Treloar," ya ce. Ya ajiye bindigar a ƙasa. "Wayyo, Baba Treloar. Wallahi ban sani ba."

Hedley ya girgiza kai, ya ɗaga masa hannu alamar ya bari. Shi ma da yana da gona ya harbi karnukan mutane a cikin garkensa, bai kuma taɓa jiran jin ba'asi ba. Kafaɗunsa suna girgiza, hawaye na bin gemunsa, amma ko kukan ba sauti.

Angus ya kawo shebur daga mota ya haƙa rami a gindin wata bishiya kusa da waya. Hedley ya kwance mata ɗamarar da hannunsa kafin su sa ta. Bayan sun rufe, suka bi gangaren tare suna ɗaga jariran da aka tattake, suna haɗa masu rai da iyayensu. Biyu ba su tashi ba. Angus ya kai shi gida, har suka isa ba wanda ya dubi wani.

Glenda ta zo da yamma da miya a kwano. Ba ta tambaye shi dalilin ɓalle igiyar ba, shi ma bai rubuta ba. Ta zauna har miyar ta huce, ta ɗumama, ta tsaya a kansa sai da ya sha.

Da aka yaye 'yan tumaki, Angus ya zo da wata kwikwiya baƙa a cikin kwali, yana tsaye a baranda yana murza hula. Hedley ya ɗauke ta, ya duba haƙoranta da tafin ƙafafunta, ya bar ta ta ciji yatsansa. Kwikwiya ce ta kirki, jinin aiki. Ya daɗe riƙe da ita a ƙirji. Sannan ya mayar da ita cikin kwalin, ya rubuta a allo: Ta gona ce. Ka riƙe ta, ka riƙa yi mata magana. Angus ya karanta, ya share ido da bayan hannu, ya ɗauki kwalinsa.

Tamsin ta daɗe tana roƙon ya koma wurinta, yana ƙi saboda gidanta bene ne, ba filin kare. Da ta sake tambaya a wannan karon, bai yi gardama ba. Aka sa gidan a kasuwa, ya raba kayan aikinsa ga maƙwabta. Ranar tafiya Glenda ce ta riƙe masa ƙofar mota. "Ka riƙa aiko da saƙo, tsoho, ko na zagi ne," ta ce. Ya gyaɗa kai, ya ɗaura bel, Tamsin ta tayar da mota.