Hagun Zuweira

Shamshon Rwang direban bas ne a unguwar Jamaica, cikin Queens, kuma shi ne ya fara kai yaran nan biyu koyon wasan takobi. Wannan gaskiya ce, ba wanda ya taɓa musa masa. Shekara tara, kowace Asabar, sai ya ɗauki 'yarsa Bege, ya haye Bronx ya ɗauki Zuweira 'yar abokinsa Gariba, ya kai su ɗakin horo a Manhattan, ya zauna a benci yana kallo. Gariba bai taɓa zuwa ba. Shagon da yake tsaro a Fordham Road ba ya rufewa ranar Asabar.

Abotar Shamshon da Gariba ta girmi yaran. Shamshon mutumin Jos ne, Kirista. Gariba ɗan zangon Kumasi ne, Musulmi. A gidan Gariba Bege ta yi wata guda lokacin da aka kwantar da uwarta a asibiti. Abu ɗaya kawai suke gardama a kansa: Hausar Gariba ba ta san mace ba.

"Ina Zuweira?" in ji Shamshon.

"Ya tafi makaranta."

"Ta tafi, mutumin Gana! Mace ka haifa!"

"Bar ni, Bajoshe. Shi bai yi ƙorafi ba."

Yaran suka shiga jami'a ɗaya, suka shiga ƙungiyar takobi ɗaya. A watan Maris, a gasar yanki, aka haɗa su karawa. Wadda ta fara taɓa 'yar'uwarta da bakin takobi sau biyar ita ta ci. Suna huɗu da huɗu sai fitilar da ke nuna Zuweira ce ta taɓa ta kama. Ita ta wuce gasar ƙasa, Bege ta dawo gida. Daga ranar abinci ya daina yi wa Shamshon daɗi. Bai kira abin da ke cinsa da sunansa ba. Ya ce rashin adalci ne, ya ce alƙalin wasa ne, ya ce wayar fitilar ce ta lalace. Hassada ce, kuma mutum mai shekara hamsin da shida ya isa ya gane ta.

A ƙarshen Afrilu jami'ar ta shirya walimar rana don karrama 'yan wasan kakar bana. Shamshon ne ya ɗauko Gariba a motarsa. Gariba ya sa sabuwar rigar fugu, saƙin Gana, yana ta tambayar ko za a ba su shinkafa ko ganye kawai. Aka zaunar da su teburi ɗaya.

Kocin ƙungiyar, wata dattijuwa mai furfura, ta fara kiran sunaye. Ta kira Bege, ta ba ta takardar yabo saboda ƙoƙarinta a karatu. Takarda ce mai kyau, amma mutum shida aka ba irinta. Sannan ta ɗaga wani allon katako mai ɗan takobin tagulla a jiki, ta ce wannan na gwarzuwar shekara ne, ta kira Zuweira Gariba.

Gariba ya miƙe tsaye. "Ɗana ne! Jama'a, ɗana ne!"

Turawan teburin kusa suka yi dariya suna tafa masa, ko da yake ba su ji me ya ce ba. Bege ta fi kowa ihu. Shamshon ya tafa sau biyu, ya ɗauki kofin ruwa.

Zuweira ba ta nufi ubanta ba. Wajen Shamshon ta zo, ta rusuna, ta miƙa masa allon da hannu biyu.

"Kawu, naka ne. Ba don kai ba da ban san yadda ake riƙe takobi ba."

Da ya karɓa, ya sa mata albarka, da shi ke nan. Bai karɓa ba. Godiyar ma ƙona shi ta yi.

"Yau kin tuna kina da hannu biyu?" ya ce. "Ran da kika kayar da Bege, da wanne kika gaishe ta? Ina zaune ina kallo. Hagu kika miƙa mata, a gaban jama'a, kamar mai ba kare ƙashi."

Fuskar Gariba ta canza. A gidansu, yaron da ya miƙa wa mutum hagu ba ya kwana bai sha duka ba.

"Zuweira. Hagu? Ka ba ɗan'uwanka hagu?"

"Baba, tsaya in..."

"Eh ko a'a?"

"Eh, amma..."

"Durƙusa! Ka ci kyauta ka manta tarbiyya? Durƙusa ka roƙi kawunka gafara!"

Yarinyar ta durƙusa. A tsakiyar zauren, da allon a ƙirjinta, 'yan ƙungiyarta suna kallo, kocin ta dakata da magana. Hawaye ya zubo mata. Shamshon bai ce ta tashi ba.

Bege ce ta kama ta ta ɗaga ta. Bege ta saba mayar wa manya amsa da Turanci, amma ran nan da Hausa ta yi magana, a hankali, don kada kalma ɗaya ta ɓace wa Gariba.

"Kawu Gariba, haka ake yi. Hannun dama yana riƙe da takobi, yana cikin safar hannu mai gumi. Ba a gaisawa da shi. Hannun da ba komai a cikinsa ake miƙawa, shi ne ladabin wasan. Ni ma hagu na ba ta. Kowa a ɗakin nan hagu yake bayarwa." Ta juya wajen ubanta. "Dadi, ranar farko da ka kai mu, kai ka tambayi malamin dalili. A mota ka yi mana bayani."

Gariba ya juya. Ya dubi 'yarsa tana goge gwiwar wandonta, sannan ya dubi abokinsa.

"Shekara tara kana kallon wasan nan."

"Gariba, ni dai abin da na gani..."

"Ka sani. Ni ne ban sani ba, kuma ka san ban sani ba. Ka sa na durƙusar da yarona ranar da aka ɗaga shi."

Gariba ya karɓi allon daga hannun Zuweira, ya share shi da gefen rigarsa, ya ce mata ta yafe masa. Suka fita. Jirgin ƙasa suka bi zuwa Bronx. Bege ta naɗe takardarta, ta ce wa ubanta tana da karatu, ta koma ɗakinta na makaranta.

Shamshon ya yi kwana takwas yana shirya abin da zai faɗa. Ranar Lahadi, bayan an tashi daga coci, ya tuƙa zuwa Fordham Road. Shagon cike yake da mata masu sayen garin rogo da busasshen kifi. Ya bi layi kamar kowa. Kalma uku ya zo da su, na yi laifi, kuma duk hanya yana maimaita su. Da ya iso gaban kanta, Gariba ya ɗago ido ya dube shi.

"Gariba," ya ce, "ka san ni ma uba ne. Kai ma da 'yarka aka yi wa haka, da..."

Gariba ya jira ko akwai saura. Babu.

"Malam, in ba ka sayen komai, matsa gefe," ya ce, ya juya wajen matar da ke bin layi. "Hajiya, me za a ba ka?"