Ranar da Na Durƙusa wa Maseko

Tun da safe ko shayi na kasa sha. Na san yau dole in karɓi makullin motar yara daga hannun Maseko.

Ni ke kula da ma'aikata a wata makarantar firamare a garin Kabwe na ƙasar Zambiya, shi kuwa direbanmu ne tun kafin a ɗauke ni aiki. Idanunsa ne suka fara mutuwa. Kwanan baya ya goge ginshiƙin ƙofar makaranta da mota. Jiya kuma Malama Nsofwa, mai raka yara a mota, ta faɗo ofishina, wai saura ƙiris ya bi ta kan wani mai keken gawayi, sai da yara suka kwarma ihu ya taka birki. Ga shi gobe shi zai kai 'yan aji biyar yawo, a babbar hanya, tsakanin tireloli.

Abin da ya ɗaure ni, ni 'yar ƙabilar Bemba ce, shi ɗan ƙabilar Ngoni. Abokan wasa ke nan tun kaka da kakanni. Komai na gaya masa wasa ne, ba shi da ikon fushi, ni ma haka. To ta ina zan soma maganar gaske da mutumin da ko ɓarawo na kira shi dariya zai yi? Kuma ba wasan banza ba ne tsakaninmu. Ranar da mahaifina ya rasu, shi ya zo ya bulbule mu da garin masara kamar yadda abokan wasa suka saba yi a gidan makoki, ya yi ta zolayar gawar har uwata ta yi dariya cikin kuka. Shi ya fara sara kabarin.

Ya shigo ba sallama.

“Kangwa, 'yar masu cin biri! An ce kina nemana. Wutsiya ce ta maƙale miki a wuya?”

“Zauna, mai cin ɓera,” na ce. Bakina ne ya riga ni, na ji haushin kaina.

“Ina ji, ranki ya daɗe, shugabar ɓarayi.”

“Maganar idonka ce. Ba ka gani sosai.”

Ya ƙyalƙyale har da dukan cinya. “Ni? Daga bakin ƙofa na hango ƙashin biri a haƙorinki!”

“Jiya ka kusa kashe mutum.”

“Ɗan Bemba ne ai. Da na rage wa ƙasa ɓarawo ɗaya.”

Wayyo ni! Ta taga ina jin yara suna ta tsalle suna waƙar tafiyar gobe, har da Chilufya 'yar ƙanwata, wadda kullum take rigimar zama a gaba. Na ɗaga murya, na buga tebur, na ce ba wasa nake ba. Ya ce wallahi ban taɓa iya wasa kamar yau ba, har ya share hawayen dariya. Ya miƙe yana kaɗa makullin a yatsa.

“Bari in je in wanke mota, gobe sammako za mu yi.”

Ban san sanda na zagayo tebur ba. Na durƙusa a gabansa gwiwa biyu, na haɗa tafuka kamar yadda nake gaida surukina. Tun da nake ban taɓa ganin 'yar Bemba ta yi wa ɗan Ngoni haka ba.

“Baba Maseko,” na ce, “don Allah ka ba ni makullin.”

Makullin ya daina kaɗawa.

“Tashi,” ya ce. “Ke, tashi mana! Wane irin abu ne wannan?”

“Baba, ba korar ka za a yi ba. Akwai aiki a sito, kuma ni da kaina zan kai ka asibitin ido. Amma ba za ka ƙara ɗaukar yaran nan ba.”

Da ya yi magana, muryar ba tasa ba ce.

“Tun damina na sani. Idon hagun ya tafi gaba ɗaya. Kullum in kika kira ni sai in ce, in dai ta zage ni, da saura.”

Ya miƙa hannu zai ajiye makullin a tebur, ya sake shi a iska, ya faɗi ƙasa kusa da takalminsa. Ya sunkuya yana lalube, yana shafa siminti can gefe. Ina kallo. Na ɗauki makullin na riƙe.

A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

“Kangwa.”

“Na'am, Baba.”

“Daina ce min Baba. Zage ni mana in samu ƙafar fita.”

Na buɗe baki. Mai cin ɓera kawai zan ce, abin da nake faɗa kullum ba tare da tunani ba. Wallahi ya ƙi fitowa. Ya jira, ya jira, sannan ya dafa bango ya fita.