Takardar Ƙofar Zauren Ladan

Muna zaune a tabarmar makoki, ranar sadakar uku, sai ga Munir ya fito da takarda mai hoton ubansa, marigayi Ladan, yana buga mata ƙananan ƙusoshi a ƙofar zaure. Hoton na sallar bara ne, Ladan ya karkata hula kamar wani ɗan majalisa. A ƙasa an jera baƙaƙen Turanci.

"Kai Munir, me aka rubuta?" na ce. Ni ban yi boko ba, amma shekara uku na yi ina ɗaukar dutse a ka lokacin da ake gina dam ɗin nan na Tiga, har wani injiniya ya taɓa dafa kafaɗata. Turanci ba baƙona ba ne.

Munir ya ɗora yatsa a kan wata doguwar kalma. "Baba Maikano, sunan abin da aka yi masa ne. Asasineshan."

"Asa me?"

Malam Mujitaba, wanda ya yi ritaya daga ofishin ruwa, ya gyara tabarau. "Kisa ne. Sai dai ba kowa ake ba wannan kalma ba. Shugaban ƙasa ake yi wa, ko gwamna. Talaka dai a ce an kashe shi."

"Haka abokaina suka sa a waya," in ji Munir. "Har Kano an gani."

Na ajiye lomar shinkafar sadaka da ke hannuna. Ladan fa! Ladan mai kifi, wanda katanga ɗaya ta raba mu shekara arba'in. Ni ne kwale-kwale ya kife da mu a tsakiyar dam, mu biyar, ni kaɗai na fito. Ni ne 'yan fashi suka tare motarmu a dajin Falgore, na zaro ƙarfen jak na kwantar da ɗaya, na cije kunnen na biyu, ga tabon adda nan a damtsena. Duk majalisar bakin kasuwa ba wanda bai san labarin Falgore ba. Wa ya taɓa buga mini takarda? Ko a bangon shagon caji ba a rubuta sunana ba.

Kuma ba yau Ladan ya fara ba. Ni na fara kai wa Hasana goro tana budurwa. Shi da ya zo ko magana ba ya iya yi, sai ya zauna yana murza hula, amma shi ta zaɓa.

Abin da ya faru, ni kaɗai na sani. Litinin da sassafe ya ɗaure kwandon karfasa a babur zai kai Bebeji. Ni ina baya a keke, zan leƙa gonar tumatir. A bakin magudanar ruwa na same shi kwance, babu babur, kifi ya watse a ƙasa, rigarsa ta jiƙe da jini. Na ɗora kansa a cinyata.

"Maikano," ya ce, yana kuka kamar yaro, "na ba ɓarayin makullin babur. Wallahi na ba su. Har durƙusawa na yi ina roƙonsu."

Na laƙana masa kalmar shahada, ya amsa. Kafin mota ta zo ya cika.

Wannan magana na ajiye ta a kumatu kwana uku kamar goro. Yanzu da na ga takardar nan, sai na ji lokacin tofar da ita ya yi. Gwamna? Bari su ji yadda gwamnan nasu ya durƙusa.

Ina gyara murya ke nan Munir ya dawo. "Baba, Inna na kira. Ta ce kai ka riƙe shi."

Na shiga. Tarun Ladan na rataye a katanga, tsakar gida duk warin banda. Hasana na takaba, tana bayan labule, ni ina kan kujera 'yar tsugunno a ƙofar ɗaki. Munir ya tsaya a bayana.

"Sannu da zuwa, Malam Maikano."

"Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. An ce sun rubuta wa Malam wani abu a ƙofa. Kai ka yi aiki da Turawa. Ba zagi ba ne dai ko?"

"Zagi? Kalmar manya ce. Tun kafin a haifi Munir na san ta."

"To, Alhamdu lillahi. Malam ya ce wani abu kafin ya cika?"

Na buɗe baki. A gefen ƙafata ga takalmansa na roba, an wanke su, an jera su kai ɗaya, kamar yanzu zai fito ya zura. Ban san lokacin da harshena ya juya ba.

"Su uku ne," na ce. "Ya ce musu babur ɗin nan sai dai a kan gawarsa. Ya zaro ƙarfen da yake ɗaure kwando, ya kwantar da ɗaya. Na biyu ya shaƙe shi, Ladan ya cije masa kunne. Sai da suka haɗu masa su duka."

Na ba da labarin yadda ban taɓa bayarwa ba, har da muryar ɓarayin. Munir ya share ido da hannun riga, ya fita da sauri. Ina jinsa a zaure yana cewa, "Ku zo ku ji abin da Baba ya yi!"

Labulen bai motsa ba. Can sai Hasana ta ce, "Malam Maikano."

"Na'am."

"Shekara arba'in ina jin labarin Falgore ta kan katangar nan. Malam ko kaza ba ya iya yankawa, kai yake kira."

Sai ta tambaye ni:

"Ya yi shahada?"

"Ya yi. Da bakinsa, sau biyu."

"Ya ishe ni. Wancan kuma ka bar wa yaran. Kada ka karɓe."

Ranar Juma'a a majalisa, Malam Mujitaba ne ke bayar da labarin cizon kunne, da sunan Ladan. Dukkansu sun ji shi daga bakina sau ɗari, amma ba wanda ya kalle ni. Wani ma cewa ya yi, "Ashe shiru-shirun nan nasa na maza ne." Na ja hannun rigata na rufe tabon. Ya ɗauke Hasana, ya ɗauke kalmar gwamna, yanzu yana kwance a kabari ya ɗauke mini Falgore. Allah ya jiƙansa, amma Ladan bai taɓa barina da komai ba.

Da la'asar hadari ya taso daga wajen Tudun Wada. Ina komawa gida na tsaya a ƙofar zaurensa. Na bi doguwar kalmar da yatsa ina ƙirgawa: baƙi goma sha uku. An taɓa gaya mini nawa sunan bakwai ne.

Yayyafi ya fara taɓa hular Ladan a hoton. Na juye goron da ke cikin leda a aljihuna, na yaga ledar, na shimfiɗa ta a kan takardar, na maƙale ta a ƙusoshin.