Gado Mai Taya Biyu

Shekara ashirin Titus mai walda ya yi yana ƙera ƙofofi da tagogi a unguwar Pantami da ke Gombe, amma ba a taɓa kawo masa aiki irin na Nana Hadiza ba. Ma'aikaciyar lafiya ce a Wuro Laɗɗe, ƙauyen da mota ba ta shiga da zarar damina ta sauka. Ta ajiye masa wani zane da ta yi a bayan katin asibiti: gado mai taya biyu da rumfa, wanda babur zai ja.

"Malam Titus, mai naƙuda a amalanken shanu muke ɗora ta," in ji ta. "Awa uku kafin a kai titi. Za ka iya?"

Titus ya juya katin sama, ya juya shi ƙasa. Bai san ko zai iya ba, amma bakinsa ya riga shi cewa, "Ki ba ni sati biyu, Hajiya."

Ranar gwaji, Bappayo ɗan acaɓar ƙauyen ya zo da babur ɗinsa aka ɗaura masa gadon. Titus da kansa ya kwanta a ciki, suka bi hanyar bakin kwari inda ruwa ya zaizaye ƙasa. Ko minti goma ba su yi ba ya fara ihu a tsaya. Ya sauko dafe da ƙugu, ga ƙulu a goshi.

Iya mai ƙosai, wadda ke suya a gefen shagonsa, ta yi dariya har da hawaye.

"Ɗana, wannan ai kafin a isa asibiti an haihu a hanya! Me kuka sani game da naƙuda? Tara na haifa. Gyara shi, ni zan gwada."

Titus ya ji kunya, amma ya saurare ta. Ta ce a sa ƙarfen da mace za ta riƙe idan ciwo ya taso, a sa labule saboda idon jama'a, a kuma yi ɗan benci inda 'yar rakiya za ta zauna. Shi kuma ya je kasuwar 'yan gwangwan ya samo sifirin na tsohon Keke Napep, ya yi kwana huɗu yana ɗaurawa yana kwancewa.

Da aka gama, Iya ta bar wa maƙwabciyarta kasko, ta gyara ɗaurin zani, ta haye gadon ta ja labule. Bappayo ya ja a hankali, Titus na biye da su a wani babur. Suka zagaya ta bayan filin wasa, suka gangara bakin kwari, suka dawo. Mutanen layin duk sun fito kallo.

"Iya, mun iso," in ji Titus.

Shiru.

"Iya!"

Titus ya matso da sauri. Ya yaye labulen. Ga Iya nan ta yi matashi da hannu, baki buɗe, tana ta minshari. Layin ya kaure da shewa. Ta farka tana harararsu.

"Wa ya ce ku tsaya? Ku ƙara zagaye ɗaya mana."

Washegari Bappayo ya tafi da gadon ƙauye. Bayan sati uku, ana tsakiyar ruwan Agusta, wayar Titus ta yi ƙara da hantsi. Nana Hadiza ce, murya cike da murna.

"Malam Titus, mun shigo Gombe! Matar wani makiyayi muka kawo, Na'ima, ɗan ya zo a gicciye. Minti arba'in muka kai titi. An yi mata aiki, mace aka samu, duk suna lafiya. Mijin ya ce sai ya gan ka da idonsa."

Titus ya kashe injin walda, ya wanke hannu har sau biyu, ya shiga ciki ya sako rigarsa ta zuwa coci, ya kama hanyar asibiti.