Fadamar Wendelcot

Gidan zuhudun Wendelcot bai kai ya kawo ba: sufaye tsofaffi 'yan kaɗan, da coci mai yoyo, da shugabansu Fada Hamon, wanda tumbinsa kan riga shi shiga ɗaki. Amma in ana maganar ƙasa, kusan rabin gonakin ƙauyen nasu ne, kuma duk a bakin masu mutuwa suka same su.

Ismay, matar Odo mai ƙauyen, ta daɗe da gane haka. Shi ya sa da zazzaɓi ya kwantar da mijinta, ta ga Fada Hamon ya tunkaro gidan a kan alfadarinsa, ta ja tsaki ta ce, "Ungulu ta ji wari."

Kullum sai ya zo ya zauna kusa da kan majinyacin, ya cinye gasasshiyar agwagwar da aka kawo wa mara lafiya, sannan ya shiga ba shi labarin wuta.

"Ɗana, fadamar nan ta bakin kogi, me za ta yi maka a kabari? Ba mu ita, mu riƙa yi maka addu'a har abada."

"Maigida, zazzaɓi ne fa kawai," in ji Ismay. "Ka sha romonka."

"Yi mini shiru, mace! Ni nake jin ƙafafuna sun yi sanyi."

Jarumin da ke cika baki ya yaƙi Faransawa, sai ga shi yana kuka da majina. Aka yanko 'yar ƙasa daga fadamar da ciyawarta, ya damƙa wa Hamon a gaban shaidu, alamar ya ba da fadamar ke nan.

Bai mutu ba. Kafin a yi girbin sha'ir ya miƙe, ya leƙa taga, ya hango tumakin sufaye a fadamar kakanninsa. Ya aika a dawo masa da abinsa.

"Addu'armu ce ta tashe ka," Hamon ya ce, yana sakace. "Wa ya taɓa karɓe kyauta daga hannun Allah?"

Odo ya kai ƙara gun Bishop, babban limamin cocin yankin. Bishop ya zo da tawagarsa, suka cinye aladun ɓangarorin biyu, ya zaga fadamar, ya ga kyanta. Ya yanke hukunci cewa wurin da ya jawo gaba tsakanin 'ya'yan coci bai dace da kowannensu ba, shi zai riƙe.

Ismay ce ta koma sayen ciyawar shanu daga barorin Bishop. Da Odo ya fara gunaguni a kan tsadarta, ko kallonsa ba ta yi ba, ta ci gaba da kaɗinta.